A Miƙa wa 'Yan Mata Kwari da Baka

Ya ku ɗalibai, idan aka ce ku lissafa wasannin da ake yi a makarantarku, za ku ambaci ƙwallon ƙafa da gudu da tsalle, wataƙila da ƙwallon raga. Da wuya a sami wanda zai ambaci harbin kibiya. Amma kuwa a kudancin Jihar Kaduna babu wanda baka yake baƙo a wurinsa. Ra'ayina shi ne, ya kamata a shigar da harbin kibiya cikin wasannin makarantun Kafanchan da kewaye, kuma a fara da 'yan mata. Labarin wata yarinya 'yar ƙasar Indiya mai suna Deepika Kumari zai nuna muku dalili.

An haifi Deepika a shekarar 1994 a kusa da birnin Ranchi, a jihar Jharkhand da ke gabashin Indiya. Mahaifinta direban keke mai ƙafa uku ne, irin wanda muke kira Keke Napep. Mahaifiyarta kuwa ma'aikaciyar jinya ce. Gidansu ba na masu hali ba ne. Tun tana ƙarama ta saba jifar mangwaro da dutse, daga nan ta koma harbi da baka da kibau na gora, domin iyayenta ba su da kuɗin sayen na zamani.

A shekarar 2005 ta shiga wata ƙaramar makarantar koyon harbi a garin Kharsawan. Bayan shekara guda aka ɗauke ta a makarantar harbi ta kamfanin Tata da ke Jamshedpur. A can ne ta sami kayan aiki na ƙwarai da malamai masu horarwa da abinci isasshe. A 2009, tana da shekara 15, ta zama zakarar duniya ta matasa a garin Ogden na Amurka. A 2010 ta ci lambobin zinariya biyu a gasar ƙasashe rainon Ingila da aka yi a Delhi. Kafin ƙarshen 2012 ta hau matsayi na ɗaya a jerin mata maharba na duniya.

Kada ku ɗauka hanyarta shimfiɗaɗɗiya ce. A gasar Olamfik ta Landan a 2012, mutanen ƙasarta sun sa rai za ta kawo lamba, sai aka fitar da ita tun a zagayen farko. Ta je Rio a 2016, ta je Tokyo a 2021, ta je Faris a 2024, ba ta dawo da lambar Olamfik ba ko sau ɗaya. Duk da haka ba ta rataye bakanta ba. A watan Yuni na 2021 ta ci zinariya uku a gasar cin kofin duniya a Faris. Ta yi aure a 2020, ta haifi 'ya a 2022, sannan ta koma fili ta sake samun gurbi cikin 'yan wasan ƙasarta.

Abin lura a labarin nan shi ne yadda aka gano ta. Jharkhand ƙasa ce ta duwatsu da dazuzzuka, kuma ƙabilu da yawa na yankin sun gaji farauta da baka daga kakanninsu. Mutanen Indiya sun lura da wannan gado, sai suka kafa makarantun harbi a yankin, suka shiga ƙauyuka suna neman yara masu ido da ƙarfin hannu. Makarantar Tata an buɗe ta ne a 1996, lokacin Deepika tana da shekara biyu. Da babu makarantar nan, da baiwarta ta ƙare a gindin mangwaro.

Yanzu ku juyo gida ku dubi ƙasarku. Mutanen Agworok da Atyap da Bajju da Ham da Fantswam duk sun san baka tun kaka da kakanni. Da shi suke farauta bayan girbi, da shi kuma mazauna duwatsu suka kare garuruwansu daga mahara masu dawaki. Kowace shekara, ranar 1 ga Janairu, maharba sukan fito da kwari da baka a bikin Afan na Kagoro, jama'a na kallo. A ƙasar Hausa ma akwai sarautar Sarkin Baka, wato shugaban maharba. Harshen Hausa da kuke koyo yana da suna ga kowane ɓangare na wannan sana'a. Baka shi ne icen da aka tanƙwara, tsirkiya ita ce igiyarsa, kwari shi ne gidan kibau, bara kuwa shi ne auna abin da za a harba. Al'ummar da take da waɗannan kalmomi da waɗannan dattawa ta riga ta sami rabin abin da ake bukata.

Sauran rabin shi ne koyon wasan bisa ƙa'idarsa ta duniya. A gasar Olamfik, maharbi yakan tsaya nisan mita 70 daga allon da zai harba. Faɗin zanen da ke jikin allon santimita 122 ne, kuma an raba shi zobe goma. Zoben tsakiya, mai maki 10, faɗinsa bai wuce santimita 12.2 ba, kamar bakin ƙaramin kwano ke nan. Wanda zai sami wannan zobe daga irin wannan nisa sai ya iya tsayuwa daidai, ya iya riƙe numfashi, ya karanta iska, ya kuma kwantar da hankalinsa ko da dubban mutane suna kallonsa. Duk waɗannan abubuwa koyonsu ake yi, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Me ya sa na ce a fara da 'yan mata? A yawancin makarantunmu fili ɗaya ne, kuma da an tashi 'yan ƙwallo maza suke mamaye shi. 'Yan mata sukan tsaya a gefe suna tafi, ko su wuce gida ga aikin ɗebo ruwa da girki. Harbin kibiya ba ya bukatar babban fili, kuma ba wasan ƙarfi da ture-ture ba ne. Yarinya siririya mai natsuwa tana iya kayar da ƙato. Mata da maza nisa ɗaya suke harbi a Olamfik, har ma akwai gasar da ake haɗa mace da namiji su zama ƙungiya guda. Wasan bai bar naƙasassu a baya ba. Wata 'yar Indiya, Sheetal Devi, an haife ta a 2007 babu hannuwa. Da ƙafa take riƙe baka, kuma ta ci lambar tagulla a gasar naƙasassu ta duniya a Faris a 2024. Kusa da mu kuma, maƙwabciyarmu Chadi ta aika da mace maharbiya, Marlyse Hourtou, zuwa gasar Tokyo.

Na san akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma maganarsu abar saurare ce. Wasu za su ce baka makami ne, kuma yankin da ya ga tashin hankali a 1987 da 2011 da wasu shekaru bayan haka bai kamata a koya wa yaransa harbi ba. Tsoron nan yana da tushe, domin iyalai da yawa har yau suna jin zafin abin da suka rasa. Amma ku dubi yadda ake gudanar da wasan. Kibiyar wasa ba ta da dafi, ba ta da kunne. Ba a harbi sai malami ya busa usur, ba a zuwa ɗauko kibau sai kowa ya ajiye bakansa, kuma kayan suna kwana a kulle a makaranta. Darasin farko da ake koya wa yaro shi ne kada ya taɓa auna mutum. A filin wasa 'yar Bajju da 'yar Hausawa da 'yar Fulani za su tsaya kafaɗa da kafaɗa a layi ɗaya, suna fuskantar allo ɗaya, ɗaya tana ƙirga wa ɗaya maki. Yankinmu yana bukatar wurare irin wannan.

Wasu kuma za su ce baka na maza ne, al'ada ba ta yarda mace ta riƙe shi ba. Gaskiya ne farauta aikin maza ce a gargajiya, kuma bukukuwan maharba suna da dokokinsu da ya wajaba a girmama. Sai dai filin makaranta ba dajin farauta ba ne. A da ma an ce karatun boko na maza ne, ga shi yau mata suna koyarwa a makarantu, suna jinyar marasa lafiya a asibitocin Kafanchan.

Saura maganar kuɗi. Baka na gasa yana da tsada ƙwarai, kuma daga ƙasashen waje ake shigo da shi. Amma mai koyo ba da shi yake farawa ba. Deepika da na gora ta fara, kuma gora tana fitowa a bakin rafukan yankinmu. Ana iya yin allo da buhu da aka cusa wa ciyawa ko ɓuntun shinkafa. Tsohon maharbi na unguwa zai iya nuna yadda ake ɗaura tsirkiya da yadda ake miƙar da kibiya, malamin wasanni kuma ya kula da ƙa'ida da tsaro. Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, wadda take horar da malaman yankin, tana iya koya wa ɗalibanta wannan wasa. Filin wasa na Kafanchan kuwa ya isa a shirya gasa tsakanin makarantun Kagoro da Zonkwa da Kwoi sau ɗaya a shekara.

Ba kowace yarinya ce za ta zama zakarar duniya ba, kuma ba don haka kaɗai ake wasa ba. Wadda ta koyi tsayawa ta ja numfashi kafin ta saki kibiya, ta koyi abin da zai amfane ta a ɗakin jarrabawa da wurin aiki. Wadda ta kuskure allo sau goma ta sake ɗaukar kibiya ta goma sha ɗaya, ta san yadda ake tashi bayan faɗuwa.

Saboda haka, ku ɗalibai, kada ku jira sai an kawo muku daga Kaduna ko Abuja. Ku tambayi dattawan gidanku yadda ake yin baka, da sunan icen da ake amfani da shi a harshenku, ku rubuta a littafi. Ku kai wa malamin wasanni da shugaban makaranta shawarar kafa ƙungiyar harbi, bisa amincewar iyaye da kulawar malamai. Kai namiji, idan aka kawo baka na farko, ka bar ƙanwarka ta fara gwadawa. Ke kuma ɗaliba, idan aka miƙo miki, ki karɓa da hannu biyu, ki tsaya a layi, ki yi bara.