Datsun 240Z: Inji Mai Silinda Shida, Da Tsatsar Da Ke Cin Mota A Ɓoye

A wannan wata za mu duba wata mota da aka ƙera a Japan, watau Datsun 240Z. Dattawanmu sun san sunan Datsun, gama a da ƙananan Datsun sun cika titunanmu suna aikin tasi. Amma wannan dabam take. Doguwar hanci ce, ƙofa biyu, kujera biyu, an yi ta domin gudu da jin daɗin tuƙi.

Kamfanin Nissan ya fito da ita a watan Oktoba 1969. A gida Japan ana kiranta Fairlady Z. Mutumin da ya dage a kan a yi ta shi ne Yutaka Katayama, shugaban Nissan a Amurka, wanda ya rasu a 2015 yana da shekara 105. Ya lura samarin Amurka suna sha'awar motocin gudu na Ingila da Jamus, amma tsada ta hana su. Sai aka sa wa 240Z kuɗi dala 3,526, alhali Porsche 911 ta kusa ninka wannan. Cikin shekara huɗu aka sayar da wajen 150,000 a Amurka kaɗai.

To, me ya sa makanikai ke yabon injinta har yau? Girmansa lita 2.4 ne, ƙarfin doki 151, silinda shida a jere ɗaya. Kowace silinda tana kama wuta sau ɗaya idan karanshaf ya juya sau biyu. Inji mai silinda huɗu yana samun turi biyu a kowane juyi, kuma sai ɗaya ya ƙare kafin na biye ya fara. Mai shida kuwa turi uku yake samu, kafin wannan ya ƙare wancan ya kama. Ku tuna da mata masu lugude a turmi ɗaya. In su biyu ne, kunne yana jin tazara tsakanin taɓare. In sun yi yawa kuma hannunsu ya zo ɗaya, sai a ji kamar kiɗa. Silindodin nan ma bi da bi suke yi: ta 1, ta 5, ta 3, ta 6, ta 2, kana ta 4.

Akwai kuma wata hikima. Fistin na 1 da na 6 tare suke hawa su sauka, haka na 2 da na 5, haka na 3 da na 4. Rabin injin na gaba daidai yake da rabin na baya, kamar mangala a bayan jaki wadda aka raba mata kaya daidai wa daida. Saboda haka girgizar wannan gefe tana kashe ta wancan, injin ba ya bukatar wani ƙarin ƙarfe domin a kwantar masa da rawa. Karanshaf ɗin yana zaune a kan boris bakwai, kuma sarƙa ce ke juya bawul, ba bel na roba ba. Abin da aka biya domin wannan duka shi ne tsawo, shi ya sa hancin motar ya miƙe haka.

Kafireto biyu gare ta, kowane yana ciyar da silinda uku. Tilas ne a daidaita su su sha iska daidai. In ɗaya ya fi ɗan'uwansa, sai injin ya riƙa tari yana shan mai a banza, ko da yake babu abin da ya karye a cikinsa. Ma'aurata za su gane wannan ba sai mun yi dogon bayani ba.

An gwada ƙarfin motar nan a Afirka. A tseren Safari na Afirka ta Gabas, inda ake tafiyar fiye da kilomita 5,000 cikin ƙura da taɓo, Edgar Herrmann ya zo na ɗaya da 240Z a 1971, kana Shekhar Mehta ya sake ci da ita a 1973.

To, ga abin mamaki. Da wuya ka ji an ce inji ne ya kashe 240Z. Tsatsa ce. Jikin motar da ƙashinta abu ɗaya ne, babu wani casis dabam da aka ɗora bodi a kai. Ƙarfen ba shi da kauri, kuma a zamanin ba a yi masa kyakkyawan maganin tsatsa ba. A jihohin Amurka masu sanyi ana zuba gishiri a hanya domin narkar da ƙanƙara, gishirin ya maƙale a ƙarƙashin mota. Ruwan batir ya ɗiga ya ci mazauninsa. Ruwan sama ya kwanta a ƙarƙashin shimfiɗar ƙafa. Daga waje fenti yana walƙiya, injin yana tashi da bugu ɗaya, amma ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun mota ya zama kamar ƙosasshen ƙwarya. Shi ya sa masu saye da suka san kan abin suke neman wadda ta zauna a busasshiyar ƙasa kamar Arizona. Sukan kwanta a ƙasa su leƙa cikinta da tocila, su bi jikinta da maganaɗisu, gama ba ya kama wurin da mai gyaran bodi ya cike da ƙulli ya rufe da fenti.

Gyaran irin wannan ɓarna ba wasa ba ne. A 1996 Nissan da kanta ta soma sayen tsofaffin 240Z tana sabunta su domin ta sake sayarwa. Ta yi niyyar 200, ba ta kai 40 ba ta dakata. In kamfanin da ya ƙera ta ya ji nauyin aikin, ina ga ma'aikaci mai albashi? Gaskiya ne a 2020 an sayar da wata ƙirar 1971 a kan dala 310,000, amma wannan an adana ta ne kamar ƙwai, ba ta yi tafiya mai yawa ba. Mutane da dama sun ji irin wannan labari, sun sayi ruɓaɓɓiya da tsammanin riba, kuɗin walda da kayan gyara ya wuce darajar motar.

Ba mu ce sha'awar kyakkyawar mota zunubi ce ba. Allah ne ya ba ɗan Adam basirar da ta jera fistin shida suka yi aiki cikin jituwa, kuma daidai ne mu yaba. Amma a Luka sura 14 Ubangijinmu ya ba da misalin mai gini wanda ya kamata ya zauna ya yi lissafi tukuna, kada ya sa harsashi ya kasa gamawa. Kuɗin saye shi ne harsashi kawai. Bayansa akwai mai, da taya, da baƙin mai, da makanike, da takardu, kowace shekara.

Saboda haka, maigida, kafin ka sayi kowace irin tsohuwar mota, ka yi abu uku. Ka tafi da makaniken da ka amince da shi, ya duba ƙarƙashinta kafin ya saurari injin. Ka zauna da uwargida ku rubuta abin da za ta ci a wata, ku ajiye shi kusa da kuɗin makarantar yara da baikon Ikkilisiya, ku ga ko za su zauna tare. Kana ka ƙirga kujeru. Mota mai kujera biyu ba za ta kai iyali mai mutum bakwai sujada ba ran Lahadi.

In kuwa kana da mota a hannu, ka wanke ƙarƙashinta bayan damina, ka ɗaga shimfiɗar ƙafa ta bushe, ka duba mazaunin batir. Ƙaramin tabo da aka kankare aka shafa wa fenti bana, shi ke hana walda baɗi.

Allah ya ba mu hikimar riƙon abin da ya danƙa mana. Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.