Kalmar "Perennial" Da Ambaliyar Ankara

Jama'a, duk shekara da zarar watan Yuni ya kama, ruwa ya ci Alajo da Adabraka da Kaneshie a nan Ankara, babban birnin Gana, sai mu buɗe jarida mu tarar da kalmar nan ta Turanci tana jiranmu: "perennial flooding". Mu matasan Nima mun karanta ta har mun haddace, iyayenmu da ba su yi boko ba ma sun saba jin ta a rediyo.

To me take nufi? Asalinta daga harshen Latin ne, inda "per" ke nufin ratsawa, "annus" kuma shekara, wato abin da ya ratsa shekaru bai yanke ba. A darasin aikin gona a sakandare an koya mana cewa itacen koko ko mangwaro da ke yin shekaru yana ba da 'ya'ya shi ne "perennial", saɓanin masara da ake shukawa a girbe cikin shekara guda. Haka kuma ake kiran kogin da ba ya ƙafewa rani da damina, kamar Volta.

A nan ne muke da ja da 'yan jaridarmu. Koko da Volta haka Allah ya halicce su. Idan aka liƙa wa ambaliya wannan suna, an sa ta layi ɗaya da hunturu ke nan, kuma ba mu taɓa jin wanda aka tuhuma don hunturu ya shigo ba. Ranar 3 ga Yuni, 2015, ruwa ya haɗu da gobarar gidan mai a Kwame Nkrumah Circle, mutane fiye da 150 suka rasu, da yawansu sun fake ne kawai suna jiran ruwa ya tsagaita. Allah ya ji ƙansu. Ruwan sama daga Allah ne, amma magudanar da ta toshe da gidajen da aka gina a kan hanyar ruwa aikin mutum ne.

Turancin yana da wata kalma, "recurrent", wato abin da ke tafiya ya dawo. Idan likita ya rubuta ta a kan zazzaɓin yaro, ba ya sallamar uwar da cewa haka yaron yake, sai ya nemi dalili. Masu tsara kasafin kuɗi kuma da ita suke kiran kuɗin da dole a ware kowace shekara, irin albashi. To in ambaliya na dawowa duk shekara, me ya hana yashe kogin Odaw da tafkin Korle ya zama tilas kamar albashi, a kuma gama kafin Afrilu?

Mu ma ba za mu wanke kanmu ba. Kowa a unguwa ya san masu jiran hadari ya haɗu da dare su juye shara a babban kwalbatin Nima, wai ruwa zai tafi da ita. Yana tafiya da ita kuwa, har cikin Odaw, ledar ruwan sha ta taru ta toshe hanya, ruwan ya koma ɗakin wani ɗan'uwanmu a Alajo.

Muna roƙon limamanmu su sa wannan a huɗubar Juma'a tun cikin watan Maris, mu kuma matasa shebur da baro suna hannunmu. Editocinmu kuwa, in za su rubuta "perennial" a Yuni mai zuwa, su haɗa mana da ranar da aka yashe magudanar a karo na ƙarshe.