Gani Ya Kori Ji: Darekta da Amanar Rubutaccen Wasa

Akwai wata muhawara da takan taso tsakaninmu ɗalibai duk sa'ad da aka zo nazarin wasan kwaikwayo, wato ko darekta yana da ikon taɓa rubutaccen wasa idan zai mai da shi fim. Da yawa daga cikin 'yan'uwana suna ganin rage ko da jimla guda cin amanar marubuci ne. Ni kuwa, tare da girmama malamanmu da suka koya mana darajar matani, ra'ayina ya saɓa wa wannan. A ganina, darektan da ya kafa kyamara gaban dandamali ya ɗauki wasa yadda yake, shi ne ya tauye wa marubuci hakkinsa.

Dalili kuwa shi ne, dandamali da fim kowanne da hanyar da yake isar da saƙo. A dandamali ɗan kallo yana zaune nesa, saboda haka tilas ɗan wasa ya ɗaga murya, ya faɗi abin da ke ransa da baki. Duk abin da dandamali ba zai ɗauka ba, kamar yaƙi ko doguwar tafiya, sai a sa wani ya shigo ya ba da labarinsa. A fim kuwa kyamara ce idon ɗan kallo, darekta ne ke zaɓar inda za ta duba. Tana iya matsowa har a ga rawar leɓe da zufar goshi. To, in an riga an ga tsoro a fuskar mutum, mene ne amfanin ya tsaya yana sanar da mu cewa tsoro ya kama shi?

Bari mu ɗauki misalin Akira Kurosawa, mutumin Japan, wanda ya mai da wasan Macbeth na Shakespeare fim a 1957, da sunan Throne of Blood. Ya ajiye baitocin Shakespeare, ya ɗauke labarin daga Sikotilan ya kai shi Japan ta zamanin mayaƙan samurai. Mayu uku na cikin wasan ya mai da su aljana guda mai kaɗi a tsakiyar daji. A wasan, ana kashe Macbeth ne a bayan fage, sannan a shigo da kansa. A fim ɗin kuwa mayaƙansa ne suka juya masa baya, suka yi masa ruwan kibau a kan idonmu. Amma da aka zo kisan ubangidansa, sai Kurosawa ya bi Shakespeare, ya ɓoye shi, ya bar kyamara a kan matar da ta zuga mijin tana zaune tana jira. Jigon dai yana nan daram: kwaɗayin mulki yakan cinye mai shi.

A nan gida ma muna da abin nazari. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya bi matakai uku: ƙagaggen labari, sannan wasan kwaikwayo na Umaru Ladan da Dexter Lyndersay, sannan fim ɗin Adamu Halilu na 1976. Duk wanda zai nuna ƙetare hamadar da aka yi da Umar a kan dandamali, dole ya dogara ga magana da motsin jiki, 'yan kallo su cika sauran da tunaninsu. Mai kyamara kuwa yana da rairayi da raƙuma da ayari. In ya bar su ya koma ga dogon jawabi, ya yi asarar abin da ya sa aka ɗauko kyamarar tun farko.

Ban ce darekta ya yi abin da ya ga dama ba. Ga Kongi's Harvest na Wole Soyinka, wanda Ossie Davis, Ba'amurke, ya mai da shi fim a 1970. Soyinka da kansa ya fito a matsayin Kongi, amma daga baya ya nesanta kansa da fim ɗin, domin abin da ya fito ya kauce wa abin da ya rubuta. Ashe ke nan akwai iyaka. Darekta na iya rage magana, ya sauya wuri, ya haɗe 'yan wasa biyu su zama ɗaya, amma jigo na marubuci ne.

Wannan batu ya shafe mu ƙwarai, domin ƙarfin wasanninmu na Hausa, irin su Uwar Gulma da Jatau Na Kyallu, yana cikin harshe ne: karin magana da habaici da gatse. Wanda zai mai da su fim sai ya tace, ya riƙe maganar da ke ɗauke da jigo, ya bar wa hoto sauran. Wa ya fi cancanta da wannan tacewa in ba wanda ya karanci adabin ba? In muka ƙi shiga fagen, za a ci gaba da ɗaukar mutane zaune a falo suna zuba zance, a ce mana fim ne.

Allah ya sa mu dace, amin.