Awa takwas a Zanzibar: Kuskuren da fasinjojin jiragen ruwa ke tafkawa

Jiragen ruwan yawon buɗe ido da ke zagaya Tekun Indiya sukan yada zango a Zanzibar da safe, su ɗaga kafin dare. Abin da fasinja ke da shi bai wuce awa takwas ko tara ba, wani lokaci ma bai kai ba, domin manyan jirage kan tsaya nesa da gaɓa, a riƙa kwaso mutane da ƙananan jirage. Abin takaici shi ne yadda da yawa ke ɓarnatar da wannan ɗan lokaci. Suna taka ƙasa sai su faɗa bas, a wuce da su Nungwi da ke arewacin tsibirin Unguja don su kwanta a farin yashi.

Nungwi na da kyau, babu gardama. Amma zuwa kusan awa ɗaya da rabi ne, dawowa ma haka. Awa uku sun tafi a kan titi ke nan, saboda yashi da ruwan da irinsu ke jiran mutum a zango na gaba. Abin da ba zai samu a wani wuri ba kuwa yana nan dab da tashar, da ƙafa ake shigarsa: tsohon birnin Stone Town, wanda 'yan gari ke kira Mji Mkongwe, kuma UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2000.

Wurin da ya kamata a fara da shi ba mai daɗin gani ba ne. A unguwar Mkunazini ne babbar kasuwar bayi take, har zuwa 1873 lokacin da Sultan Barghash ya rufe ta bisa matsin lambar Birtaniya. A kan filin aka gina majami'ar Anglican da ke tsaye har yau. A harabarta akwai wani rami da aka kafa mutum-mutumin bayi a ciki, sarƙa a wuya, ga kuma ɗakunan ƙarƙashin ƙasa masu ƙunci da duhu da ake shiga da baƙi. Wanda ya tsaya a nan awa guda zai kalli sauran birnin da wani ido daban. Dogayen gidajen dutse da ƙofofin katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla, waɗanda kowa ke rububin ɗaukar hoto a gabansu, da yawansu da kuɗin hauren giwa da bayi da kanumfari aka yi su. Gonakin kanumfarin ma bayi ne suka nome su.

Daga nan kasuwar Darajani ba nisa. A can 'yan gari ke cefane, a can kuma kanumfari da kirfa da masoro suka fi araha a kan na shagunan baƙi. A bakin teku akwai tsohuwar ganuwar da Larabawan Oman suka gina bayan korar 'yan Portugal, kusa da ita kuma Beit al-Ajaib, fadar da Barghash ya gina a 1883, gini na farko da ya samu lantarki a Zanzibar. Wani sashensa ya rufta a Disamban 2020 ana cikin gyara.

Idan lokaci ya rage, zango ɗaya kawai za a ƙara. Tsibirin Changuu bai wuce tafiyar rabin awa a kwale-kwale ba. Kurkukun da aka gina can a 1893 bai taɓa karɓar fursuna ba, sai aka mayar da shi wurin killace marasa lafiya. Yanzu manyan kunkuraye ne ke mulkin wurin, zuriyar waɗanda aka kawo kyauta daga Seychelles a 1919.

Masu sayen rangadin da kamfanin jirgi ke shiryawa suna da hujja guda mai ƙarfi: idan motarsu ta makara jirgi zai jira, amma wanda ya fita da kansa ya makara, sai dai ya bi jirgin zuwa zango na gaba da kuɗin aljihunsa. Wannan hujja ta fi aiki a kan mai zuwa Nungwi. Mai yawo a Stone Town bai taɓa yin nisa da tasha ba, kuma kuɗinsa na shiga hannun ɗan jagora da mai shago kai tsaye, ba tare da kamfani ya fara cire kasonsa ba.

Tarkon da ya fi kama baƙo shi ne agogo. Masu jin Swahili daga wayewar gari suke fara ƙirga awa, don haka “saa tisa” ƙarfe uku na rana ne, ba tara ba. Duk yarjejeniyar da za a yi da mai kwale-kwale ko direban tasi, gara a nuna lokacin a fuskar waya.

Sai sutura. Mafi yawan mutanen Zanzibar Musulmi ne, kuma lungunan birnin ƙofar gidajen mutane ne da masallatansu. Kayan wanka na bakin ruwa ne, ba na kasuwa ba.

Abu ɗaya ne fasinja zai rasa ko yaya ya tsara yininsa. Kasuwar abinci ta lambun Forodhani, inda ake sayar da gasasshen kifi da miyar urojo da ruwan rake, sai da faɗuwar rana take ci. A lokacin galibi an riga an kira kowa ya koma jirgi, sai dai ya hango hayaƙin gashin daga saman bene.