Muna Bukatar Labarin Da Ya San Kuɗin Albasa

'Yan'uwa manoma, waɗansu dattawan ikkilisiya suna cewa ƙaga labari ƙarya ce, bai kamaci mai bi ba. Ni ban yarda ba. Sa'ad da annabi Natan ya je tsauta wa sarki Dawuda, da labarin wani matalauci mai 'yar tunkiya ɗaya ya kama shi. Ubangijinmu kuwa ya yi ta ba da misalin mai shuka da na zawan a cikin alkama, gama manoma ne ke sauraronsa.

Damuwata ita ce yawancin labaran Kirista da ke zuwa hannunmu daga Turanci aka juyo su. Mutanen ciki ba su taɓa jiran ruwan shuka ba. Ga Littafi Mai Tsarki a Hausa tun 1932, amma labarin mai bi na Jega ko Maiyama fa, wa ya rubuta? John Bunyan, wanda littafinsa na tafiyar mai bi ya fito a Ingila a 1678, gyaran tukwanen ƙarfe ne sana'arsa, laka da kasuwar da ya sani su ya sa a ciki. Shi ya sa talakawa suka rungume shi.

To, ga abin da nake so in karanta. Ma'ajin ƙungiyar manoma a Aliero ya kwashe albasarsa, kasuwa ta cika, kuɗi ya faɗi. Ya ajiye ta yana jiran tsada, sai ruɓa ta shiga. Ɗansa ya kwanta ciwo, kuɗin takin 'yan'uwa kuwa yana hannunsa. Ya taɓa. Ran Lahadi kuma shi ne zai karanta nassi. Marubuci ya bar mu mu zauna da mutumin nan cikin dare, kada ya yi hanzarin aiko masa da mu'ujiza a shafi na uku. Wanda ya taɓa cin bashin taki zai gane ƙaryar nan da nan.

Wani abu kuma. Mu kaɗan ne a ƙasar nan, maƙwabtanmu Musulmi ne, da su muke aron injin ban ruwa. Labarin da ya mai da su mugaye duka, bai faɗi gaskiya ba, zai kuma jawo mana abin da ba mu nema ba. A bar maƙwabcin ya zama mutum, ko da shi ne zai ranta wa ma'ajin kuɗin.

Saura yadda labari zai kai ga jama'a. Marubutan littattafan soyayya na Kano tun shekarun 1980 ba su jira manyan kamfanoni ba. Da kansu suka buga, suka kai kasuwa, aka kuma riƙa karantawa a rediyo domin waɗanda ba su iya karatu ba. Mu ma muna da taron ƙungiya da na zumuntar mata. In an gama lissafi, a ba wani saurayi minti goma ya karanta babi ɗaya, a ɗauki muryarsa a waya, a aika ta WhatsApp ga waɗanda ke fadama. Kowace ƙungiya ta auna wa marubucin ko da mudun gero a kaka, gama takarda ba kyauta ba ce. Shi kuwa ya zauna a bencin baya, ya lura da wurin da mata suka fara hira tsakaninsu, ya je gida ya gyara wannan wurin kafin taro na gaba.