Wa Ya Ce Hayaniya Ce?

Kwanakin baya wani abokina ya kunna mana wani kiɗa a ɗakinsa da ke Yelwa. Sunan kiɗan Pression, wani Bajamushe, Helmut Lachenmann, ya tsara shi a 1969 domin ƙaton gogen nan na Turawa. Maimakon makaɗin ya ja izga yadda aka saba, sai ya riƙa kankarar tsirkiya, yana shafar jikin gogen, yana danna izgar har ta yi kuka kamar ƙyauren da ya yi tsatsa. Ba a yi minti biyu ba ɗakin ya kaure da dariya. Wani ɗalibi ya ce, "Malam, wannan ai hayaniya ce, ba kiɗa ba." Da wannan hukunci nake jayayya.

Da farko dai, abin ba shirme ba ne, yana da asali. A 1913 Luigi Russolo na Italiya ya yi kira ga makaɗa su karɓi ƙarar injuna da ta tituna. A 1948 Pierre Schaeffer ya ɗauki ƙarar jiragen ƙasa a Faris ya harhaɗa ta ta zama kiɗa. Amma tun a 1944 ɗan Afirka, Halim El-Dabh, ya riga shi, domin ya ɗauki muryoyin masu bikin zar a Alƙahira, wanda ɗan'uwan borinmu ne, ya sarrafa su da na'ura. Abin da suke nema guda ne: a saurari jikin sauti kansa, wato kaushinsa da nauyinsa da yadda yake tashi da yadda yake mutuwa.

To, wa ya kamata ya fi Bahaushe gane wannan? Mai garaya da gangan yake maƙala ƙarfe mai zobba a kan garayarsa don ta riƙa caccaka. Mai ganga yana ɗaura igiya a kan fata don ta yi zuza. Luguden mata a turmi aiki ne, kuma kiɗa ne. Wanda ya tsaya a ƙofar fadar Sarkin Bauchi ranar hawan Salla zai ji kakaki da algaita da ganguna da harbin bindiga da haniniyar dawaki duk a lokaci guda. Baƙo zai toshe kunne, amma ɗan gari yana rarrabe kowace murya, har ya gane cewa Sarki ya fito. Sautin ɗaya ne, kunnuwan ne suka bambanta.

Wani zai ce ashe ke nan janareton maƙwabci da hon ɗin motoci a Wunti su ma kiɗa ne. A'a. Waɗannan ɗora maka su aka yi, babu wanda ya zaɓe su, babu wanda ya auna su. Makaɗin Pression kuwa rubutaccen tsari yake bi, kowace kankara da wurinta. Mai saurare yana da damar cewa bai ji daɗi ba, amma bayan ya saurara, ba kafin nan ba.

Abin da ke damuna ya wuce Lachenmann. Kunnen da ya saba da fiyanon situdiyo kaɗai, wanda ake tace wa sauti sumul, shi ne gobe zai kira caccakar garaya datti, ya ce a cire ta. Mu da muke nazarin waƙoƙin baka, mukan kwashe baitoci mu zuba a takarda, mu bar amon kayan kiɗan a waje kamar ba shi da abin faɗa. Rabin waƙar muka zubar ke nan.

Saboda haka ina kira ga ɗalibai da malamai: kafin a koya mana yanke hukunci, a koya mana saurare. Gobe da safe a je maƙera a zauna minti goma, a rufe ido, a ƙirga muryoyin da ke tsakanin guduma da uwar maƙera da zugazugi. Wanda ya dawo ya ce hayaniya kawai ya ji, sai mu sake zama.