Wasiƙa Zuwa ga Masu Shagunan Ɗinki na Briqueterie

Iyayena da yayyena teloli, 

Duk wanda ya san Yawunde ya san cewa in ana neman babbar riga ko surfani mai kyau, Briqueterie ake nufa. Mace za ta sayi turmin atamfa a kasuwar Mokolo, ta tako ta ajiye shi a teburinku, ba takarda ba shaida, ta juya ta tafi. Bafulatana ce ko 'yar Bamileke ko 'yar Ewondo, duk haka suke yi muku. To, maganata a kan yaron nan ne da ke zaune a gefen teburin yana kalmasa bakin wando. Uban da ya kawo shi cewa ya yi a koya masa ɗinki, amma da keke da almakashi da halin maigida, duk tare yaron yake ɗaukarsu.

Mu ɗauki ragowar yadi. An kawo shida, ɗinki ya ci biyar da rabi. Rabin nan fa? Wani zai naɗe shi cikin ledar mai kaya, wani zai tura shi ƙarƙashin teburi. Yaro bai ce uffan ba, amma ya gani, kuma ranar da ya buɗe nasa shago abin da ya gani zai yi. Malamanmu na Malikiyya ba su ɗauki wannan da wasa ba. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda da yawanku kuka karanta a zaure, an ɗora wa mai sana'a lamunin kayan da aka bar masa a bayan idon mai su. Dalilin a fili yake: mutane ba su da makawa sai sun bar kayansu a hannunku.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke hukunci. Yaro ya kuskure awo ya ɓata shadda mai tsada, sai shago ya ɗauki zafi, har da mari. Yaron nan kuma ya ce wa mai kaya maigida ba ya nan, alhali maigida na bayan labule, sai a yi shiru, don maigidan ne ya aiko shi. Me ya fahimta? Cewa laifi shi ne abin da ya jawo asarar kuɗi. Jean Piaget, masanin tunanin yara na ƙasar Suwizalan, ya nuna a littafinsa na 1932 cewa ƙananan yara haka suke auna laifi: wanda ya fasa kofi 15 bisa kuskure ya fi laifi a wurinsu a kan wanda ya fasa ɗaya garin satar abin zaƙi. Sai sun ƙara girma, sun yi musu da sa'o'insu kan dokokin wasa, sannan su fara duba niyya. Mu da hadisin farko na Arba'una a kan niyya yake, bai kamata shagunanmu su riƙe saurayi ɗan shekara 17 a matakin ɗan shekara shida ba.

Tsoron duka yana gyara hannu muddin kuna shago. In kun tafi masallaci fa? Don haka ku riƙa faɗa masa dalili, ku kuma riƙa tambayarsa. Alhaji ya kawo shadda yana murna ya sayi Getzner, kai kuwa da taɓawa ka san jabu ce. A gaya masa, ko a bar shi da farin cikinsa? In an gaya masa, a gaban mutane ko a keɓe? Wata ta bar ɗinkinta shekara guda, ba ta biya ba, wayarta ba ta shiga. A sayar ko a ci gaba da ajiya? Ku jefa wa yaro irin waɗannan bayan an rufe shago, ku bar shi ya yi magana har ya kai aya. Zai yi kuskure. Kada ku yi masa dariya, ku nuna masa wanda amsarsa za ta cutar.

Sai batun alkawari, wanda ya ɓata mana suna fiye da komai. Atamfar ranar mata ta 8 ga Maris tana fitowa, kayan faretin 20 ga Mayu na tafe, ɗinkin Sallah ba a magana, wuta kuma a kawo a ɗauke. Na san kuɗin haya ba ya jira, kuma mayar da mai kaya da turminsa a hannu akwai ciwo. Amma “in sha Allahu gobe” da ake faɗa alhali an san ko yanka ba a yi ba, yaro yana jin ta, yana kuma jin sunan wa aka ambata a ciki.

Azumin bana ku miƙa wa babban yaronku littafin karɓar aiki. Ku zauna da shi ku lissafa kekuna nawa ne, riga nawa kowanne ke fitarwa a yini, a cire ranakun da wuta za ta iya yankewa. Shi zai faɗi ranar da za a rufe karɓar ɗinki. In ya faɗa, ko aminin maigida ne ya zo washegari, ku ba shi haƙuri ku nuna masa shagon maƙwabci.

Wassalam.